Yunwar da Inna Ta Yi wa Daji

Shekarar da aka ce Inna tana da ciwon daji a nono, masara ta yi kyau a gonarmu ta Kafur, zabi kuma sai zuba ƙwai suke yi. Abinci dai ba mu rasa ba. Ci ne ta ƙi.

A wani asibiti a Zariya aka fara ɗaura mata ruwan maganin nan mai zubar da gashi. Da muka koma, suka auna jininta, malamar asibitin ta ce ya yi ƙasa, in aka sa mata maganin a haka zai kayar da ita. Ta ce mu je gida ta ci ƙwai da hanta da wake da zogale, ko loma bibbiyu ce a kai a kai, in jini ya hau mu dawo.

Muna isa gida Gwaggo, yayar babanmu, ta tare mu da nata ilimin. Wai daji abu ne mai rai, maiƙo yake so. In an ci nama shi ke ƙiba, in an hana shi sai ya bushe. Haka aka yi wa wata a Bakori, in ji ta. Na ce, "Gwaggo, ita ta Bakorin tana ina yanzu?" Ta ce ba ni da kunya. To, ba ni da ita ɗin!

Abin da ya ƙona mini rai, Inna ta yarda. Koko tsararo kawai take sha, ko ƙuli ba ta bari a sa. Na dafa ƙwai, ta miƙa wa jikoki. Na yi farfesun hanta, ta juya fuska bango ta ce, "Ke 'yar nan, so kike in ciyar da shi?" Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Wallahi har haushinta na ji, tana kwance zani na zamewa daga ƙugunta.

Muka sake komawa Zariya, jini ya ƙara sauka. Likita ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce jikin ba zai ɗauki maganin ba yanzu. Ciwon kuwa bai bushe ba, ya haura har hammata.

A hanyar dawowa motarmu ta tsaya a tashar Funtua, hayaƙin mai balangu ya shigo ta taga. Inna ta ce a hankali, "Sayo mini." Na fita da gudu, ko takalmi ban sa daidai ba. Na zaɓi mai laushi, na yayyaga mata ƙanana.

Ta sa ɗaya a baki. Bakin duk gyambo ne, maƙogwaro ya ƙi karɓa. Ta yi ta juya shi, hawaye na zuba, sannan ta tofo shi a tafin hannuna.

Ta ce, "Da daɗi kuwa. Ajiye mini, sai na ji sauƙi."