Daktan Hamma da Telarsa

Idan aka tambayi Dakta a kan me yake bincike, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Hamma." Mai tambaya ya yi dariya yana jiran amsar gaskiya, kafin ya ankara sai ga nasa bakin ya wage. Dakta ba ya ko murmushi, domin ya ga irin wannan har ya gaji. Ɗalibai suka laƙaba masa Daktan Hamma, kuma suna rantsuwa cewa a duk jami'ar ajinsa ne kaɗai za ka hangame baki malami ya gode maka.

Ɗakin aikinsa na can ƙarshen baranda, bayan sashen nazarin dabbobi. Ba komai a ciki sai kujera mai yagaggen soso, da talabijin, da kyamara a kan ƙafafu uku, da wata fanka mai kuka. Yakan zaunar da mutum ya nuna masa fuskokin masu hamma, ya jira ya ga ko zai kama. Wasu ranakun ya sa masu karnuka su yi hamma a gaban karnukansu. Wasu ranakun kuma ya wuni a gidan namun daji, tsaye gaban kejin birai. Abin da ya tattara a tsawon rayuwarsa bai wuce magana ɗaya ba: hamma ta fi saurin tsallakawa tsakanin waɗanda suka shaƙu. Ɗa ya fi kama ta uwarsa a kan ta baƙo, kare ma ya fi kama ta uban gidansa.

Sai dai aikin na da doka, mai kallo ba ya hamma. Yana sabon shiga ya taɓa sakin ɗaya a gaban birai, keji ya ɗauka gaba ɗaya, malaminsa ya ce duk abin da aka naɗa ya gurɓace, a koma farko. Tun daga ranar Dakta ya koya wa jikinsa dabara. Da ya ji ta taso sai ya datse haƙora, ya danna harshe sama, ya ja iska ta hanci har ta koma. Da farko da wahala yake yi, daga baya muƙamuƙin ya riƙa kulle kansa ba tare da ya nemi izini ba. In barci ne ya kawo ta yana shi kaɗai, yana yi kamar kowa. Amma ta wani, a gaban idon wani, ya daina kamawa, har yana alfahari da hakan a wajen taro.

Matarsa tela ce, da sunan sana'ar yake kiranta. Kekenta na falo kusa da taga, kuma a can ta fara jin labarin binciken, bakinta cike da allurai. Ta cire su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, Dakta, zauna mu gani." Ta dube shi ido cikin ido ta yi wata doguwar hamma. 'Yarsu Auta ta kama daga kicin. Dakta kuwa ko gezau.

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Tela. "Ashe kare ya fi ka sanin mutanensa."

"Aiki ne ya mayar da ni haka, Tela."

"Na ji. Ina nan dai ina jira."

Abin ya zama wasansu. Tana auna masa riga ta yi hamma, suna cin abinci ta yi, ranar da aka ƙara masa girma ma sai da ta yi masa ɗaya tana cikin 'yan kallo. Wani lokaci yakan buɗe baki don ta ƙyale shi, ta ce, "Rufe, ta ƙarya ce. Kai ka koya mini ta gaskiya tana matse ido." Dariya suke yi, amma Dakta ba yaro ba ne, ya san a ƙarƙashin dariyar da gaske take jira. Shi mutum ne da maganar zuci ba ta fita daga bakinsa, ita kuma ta samo masa hanyar da ba sai ya yi magana ba, ita ma ya kasa. Kullum yana ce wa ransa akwai lokaci.

Wata safiya keken ya yi shiru a tsakiyar ɗinki. Auta ta leƙo ta tarar da uwarta ta karkace a kan kujera, baki ya goce gefe. A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɗauke hannun dama da ƙafa, ta ɗauke magana, kuma da alama abin da ake faɗa mata ma ba ya isa gare ta. Aka ba ta gado a ɗakin mata, kusa da ƙofa.

Dakta ya ajiye birai ya tare a kan wata kujerar roba. Sai yanzu bakinsa ya buɗe. Ya sunkuya ya gaya mata duk abin da ya kamata ya faɗa tun suna da ƙuruciya, ita kuwa tana kallon leɓensa kamar mai kallon ruwan sama. Ya rasa inda zai sa kansa. Ga kwalaye cike da takardun da ya rubuta, babu ɗaya da zai iya ɗaga mata cokali.

Wata rana da hantsi, Auta na goge mata fuska, Tela ta yi hamma. Sai ga mataccen hannun nan ya taso daga kan zani, yatsun suka buɗe, ya tsaya a sama. Hammar na ƙarewa ya faɗi.

"Baba, ka gani? Hannun ya motsa," in ji Auta. "Sauƙi ne ya fara zuwa, ko?"

Dakta ya san abin. Ya taɓa zuwa wani asibiti da kyamararsa ya ɗauki irinsa, ya yi farin ciki a lokacin don ya sami abin rubutawa. Hamma ce ke jan hannun ta wata tsohuwar hanya a jiki, ba mai hannun ba, kuma ba ya nuna komai game da warkewa. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Allah ya sa." Bai taɓa jin ilimi ya yi masa nauyi kamar ranar ba.

Da la'asar, lokacin masu dubiya, ɗakin ya cika da mutane. Tela ta juyo da ido ta kafa masa, irin kallon nan na gaban keke. Ko da gangan ta yi ko jiki ne kawai, shi da ya ƙare rayuwarsa a kan wannan tambaya bai sani ba. Ta buɗe karkataccen bakinta ta yi hamma, hannun ya taso, Dakta ya tare shi ya riƙe. Auta ta kama. Nas ɗin da ke canza ledar ƙarin ruwa ta kama. Tsohuwar gado na gaba ta kama, har da jikarta.

Dakta ya ji tasa ta taso daga ƙirji, ta gaskiya, mai zafi. Ya ce a ransa, yau dai. Sai haƙoran suka datse, harshe ya danne sama, iska ta bi ta hanci. Sabo turken wawa. Ya yi ƙoƙarin ɓare bakin da ƙarfi, abin da ya fito hangame ne kawai, ido bai matse ba. Hannun ya yi nauyi a tafinsa. Tela ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar da idonta kan silin.

Ya ce wa Auta zai sha iska. Yana fita baranda, babu kowa sai wani keken marasa lafiya da aka jingine, muƙamuƙin ya saki. Hammar ta zo gaba ɗayanta, ta matse masa ido har hawaye ya zubo. Ya juya da sauri, tsoho da furfura, baki a buɗe, yana lalubar hannun ƙofa. Kafin ƙofar ta buɗe, hammar ta ƙare.

Tela ta riga ta yi barci. Auta ta dubi jiƙaƙƙiyar fuskarsa ta ce, "Baba, kuka kake yi?"

Ya taɓa rubuta cewa hawayen hamma matsi ne kawai, ba ruwansa da zuciya. Ya ja kujerar robar dab da gadon, inda za ta gan shi in ta farka, ya ce, "Hamma na yi, Auta. In ta tashi ki gaya mata."

"Baba, ai ba ta jin magana."

"Na sani," in ji shi. Ya zauna.