Baban Sikirin Zai Ajiye Aiki

Kafin kowa ya iso ofis, shi ya riga ya buɗe ɗakin da ke ƙarshen baranda, ya bi tsofaffin sikirin ɗinsa na kwamfuta da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai ƙeya irin na da, akwai wani ɗan ƙarami da hotonsa ke rawa sai ya ɗauki zafi. Matasan da ke rubuta manhaja tare da shi suna kiran ɗakin gidan tarihi, shi kuma Baban Sikirin. Murmushi kawai yake yi, ya ce su dai kawo abin da suka gama.

Ai kuwa dole su kawo. Su a kan manyan sikirin masu faɗi suke aiki, komai ya fito tsaf. Shi zai ɗora manhajar a kan ƙaramin nan, ya sa katin da ke aika hoto ya sauya girman hoton, ya rage, ya ƙara, ya ga me zai karkace, me zai ɓace. Aiki ne mai cin rai, kuma in ya yi kyau ba wanda ke lura an yi shi.

Wata shekara aka kai sabuwar manhaja wani ƙaramin asibiti, ba a jima ba ƙorafi ya biyo baya: matar da ke rubuta sunayen marasa lafiya ta cika jan ƙafa, layi har bakin ƙofa, ana maganar a sallame ta. Baban Sikirin ya ce shi zai je da kansa. Ya samu kujera a gefenta, ya zuba ido. Sai ya ga hancinta na neman taɓa gilashi. Rubutun ya yi mata ƙanana, in kuma ta sauya yanayin sikirin don ya girma, sai maɓallin ajiyewa ya faɗa ƙasa, ya fita daga gani. Haka take yini, ta ƙara girman rubutu ta karanta, ta rage ta ajiye, kan kowane mutum ɗaya.

Da layi ya lafa, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, don Allah ka rufa mini asiri. Idona ne ya fara rauni. Marayu nake riƙo."

"Hajiya, ni sikirin aka aiko ni dubawa," ya ce, "kuma na ga matsalarsa."

Ya koma ya zauna kan gyaran. Ya sa manhajar ta riƙa tambayar kwamfuta girman hoton da sikirinta ke iya ɗauka, ta jera komai daidai wurin, rubutu ya girma, maɓalli kuma bai gudu ba. Da shugabansa ya tambayi abin da ya gano, ya ce manhajar ce ba ta zauna daidai a kan sikirin ɗin can ba. Gaskiya ya faɗa, ya tsaya nan. Layi ya koma tafiya, maganar sallama ta bi ruwa.

Baban Sikirin, kai ne ka ga abin da zai raba baiwar Allah da abincinta, ka gyara, ka kama bakinka. Ko matarka ba ta ji ba. Mu ma abokan aikinka da ba mu sani ba, ba don ita da kanta ta zo ofis ta ba mu labari da ta ji za ka ajiye aiki ba, ƙaramar 'yarta riƙe da hannunta, don yanzu idon ya tafi kusan duka.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa wasu. Ku kuma matasa, kafin ku ce aiki ya kammala, ku je ku zauna kusa da wanda zai yini a gabansa.

Matar nan ta ce sai da ta yaye marayunta kaf sannan ta bar kujerar, kuma da ƙafarta ta fita. Roƙonta ɗaya ne, Baba: ka matso kusa sosai, tana so ta ga fuskarka.