Rabin Kilon Mai Sito

In kana son ganin fushin Mai Sito, ka shiga siton makarantar nan ka jingina da sikelinsa. Ba sai ka hau ba, jingina kawai. Mutumin da bai cika ɗaga murya ba sai ya miƙe tsaye, tabarau a kan karan hanci, ya tambaye ka ko a gidanku babu bango.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a wannan ɗaki mai taga ɗaya, tsakanin buhunan shinkafa da na wake da jarkokin mai. Ya zo yana saurayi da suma cike da kai, har sumar ta gaji ta tafi ta bar shi da sikelin. Sikelin na ƙarfe ne irin na da, mai faffaɗan faranti a ƙasa da sanda mai lambobi a sama, da ɗan dutsen ƙarfe da ake turawa har sandar ta tsaya cak. Kullum da safe sai ya goge shi da tsumma kafin ya gaisa da kowa.

Kuma abin bai tsaya a sito ba, komai na duniya a kilo yake ganinsa. Ka tambaye shi ya jikin maƙwabcinsa, ya ce maka da sauƙi, amma ya zubar da kilo uku. Ranar da ya fara ganin matar da ya aura, ta kawo musu ruwa a tire. Da suka fito abokinsa ya zungure shi ya ce, "Yaya ka gan ta?" Ya ce, "Hamsin da huɗu, har da tiren." Maganar ta koma kunnenta, kuma har gobe ba ta yafe masa ba, musamman da yake daidai ya faɗa.

Allah ya ba su 'ya'ya mata huɗu, sannan Auta. Auta siriri ne kamar muciya, ba abin da yake da shi mai yawa sai suma, wata uwar suma da yake tajewa sau biyar a rana a madubin babur ɗin mutane. Ranar da ya ce ya shiga ƙungiyar kokawa ta makaranta, uwar ta ɗora hannu a ka.

"Kai? Kai da ƙofa ke kayarwa in iska ta turo ta?"

Amma a kokawar makarantu ba a haɗa babba da ƙarami. Kowace makaranta tana kawo yara goma, kowa da ajin nauyinsa, a kara ɗaya bayan ɗaya, a tara maki. Wanda ya ci da yawan kamu ya kawo wa makarantarsa maki uku. Wanda ya danne kafaɗun abokin karawarsa biyu a kan katifa ya kawo shida. In kuwa yaro ya zarce nauyin ajinsa a ranar awo, ba zai ma taka katifar ba, shida ta tafi kyauta. Auta shi ne na ajin ƙasa, kilo arba'in da takwas. Shekara uku yana shan kaye yana tashi, sai a shekararsa ta ƙarshe makarantar ta kai wasan ƙarshe na cin kofi, karo na farko tun da aka gina ta.

Saura sati biyu wasan, Tanka, yaron da ke ajin ƙarshe na masu nauyi, ya daka tsalle ya dira a kan sikelin ɗakin wasanni don ya ga ko allurar za ta zagayo. Ta zagayo, ba ta sake dawowa ba. Koci ya kwaso yaransa ya nufi sito.

Wayyo, Mai Sito a wannan sati biyu! Ko sabon ango bai kai shi taku ba. Kowace safiya yara goma a layi da gajeren wando tsakanin buhuna, shi kuma yana tura ɗan dutsen da ɗan yatsa ɗaya yana shelar lamba kamar mai karanta labarai. Koci ya taɓa tambayarsa ko sikelin daidai yake. Mai Sito ya cire tabarau ya dube shi tun daga takalmi.

"Koci, ana goya ka a baya sikelin nan ke faɗin gaskiya."

Da wannan Koci ya saki jiki. Ya daidaita yaransa a bakin iyaka, yawancinsu cif-cif a kan nauyin ajinsu, don kada a yi asarar ƙarfi ko na loma ɗaya.

Ranar wasa da sassafe motar makaranta ta sauke su a wani babban ɗakin taro. Mai Sito ya biyo su da sabuwar riga, haka ma Mai Girki, matar da ke dafa wa ƙungiyar abinci, da kulolinta. A wani ɗaki na gefe aka ajiye sikelin gasa, ɗan lange-lange mai batir da jajayen lambobi, da wani jami'i a bayansa wanda ka gani ka san bai yi dariya ba tun bara. Mai Sito ya dubi sikelin ya taɓe baki.

Yaro na farko ya hau. Rabin kilo ya yi yawa. Na biyu ya hau, rabin kilo. Na uku ma haka. Yara bakwai cikin goma, har da Auta, kowa rabin kilo ba daɗi ba ragi. Jami'in ya duba agogo ya ce suna da awa ɗaya su dawo.

"Batir ne ya yi sanyi," in ji Mai Sito da ƙarfi. Sai dai yaran ɗaya makarantar suka hau suka sauka, kowa daidai. Yana tsaye yana kallon jajayen lambobin, sai wani abu ya faɗo masa a rai. A satinsa na farko a sito, tsohon da ya gada ya kama hannunsa ya kai shi bayan sikelin, ya nuna masa wani ɗan noti. Ya ce buhu shi kaɗai rabin kilo ne, kuma yara ba sa cin buhu, don haka a murɗa notin baya sikelin ya riƙa cire nauyin buhun da kansa. Shi Mai Sito ne ya murɗa da hannunsa. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya hau farantin nan sai buhu, sai yanzu da ya auna 'ya'yan mutane ya cire musu nauyin buhun da ba sa ciki.

Kunya ta kama shi, kuma gaskiya tsoro ya ji. Ya ja gefe ya yi tsit yana goge tabarau.

Koci kuwa ya samu wadda zai huce a kanta. "Mai Girki, me kika ɗura wa yaran nan jiya?"

"Me na ɗura musu? Ruwan zafi da ganye, kamar yadda ka ce! Ko tukunyar ma sai da ta ba ni tausayi."

Ba lokacin shari'a. Koci ya busa usur, aka shiga abin da har yau in direban motar ya tuna sai ya riƙe ciki. Aka rufe tagogin motar, aka kunna inji, aka cusa yara bakwai ciki kowa da riga uku, suna tsalle motar tana rawa. Aka fito da su suka zagaya filin ajiye motoci a guje cikin ledojin shara da aka huda wa wuya. Kowa da gwangwani a hannu yana tofa yawu. Aka kafa layi a ƙofar banɗaki, Tanka, wanda nauyinsa daidai yake, ya tsaya a bakin famfo yana sakin ruwa shaaa don ya ba su ƙwarin gwiwa. Wani yaro ya yanke farcensa ashirin ya kawo wa Koci a tafin hannu yana tambaya ko sun kai giram goma.

Ɗaya bayan ɗaya suka koma suka hau, jami'in ya gyaɗa kai. Shida sun wuce. Saura Auta. Jikin Auta ba inda gumi zai fito, an matse an matse ba komai. Saura minti bakwai ya hau, giram ɗari biyu sun ƙi tafiya.

Koci ya fusata. "Faɗa min gaskiya, me ka ci a ɓoye? Burodi? Wa ya ba ka?"

"Wallahi Koci ban ci komai ba." Leɓen Auta a bushe. Ya juyo ya dubi ubansa. "Baba, ba kai ka auna ni jiya ba? Ka faɗa masa. Ko dai ni ne na yi wani abu ban sani ba?"

Wannan tambayar ce ta gama da Mai Sito. Ya iya jure a zagi Mai Girki, Allah ya yafe masa, amma bai iya jure ɗansa yana neman laifi a jikinsa ba. Ya cire hula.

"Ba kai ba ne. Ni ne. Sikelina yana cire nauyin buhu."



"Buhun me?" in ji Koci.

"Buhun shinkafa. Rabin kilo. Ni na murɗa notin, na manta."

Mai Girki ta ajiye kula a hankali, ta riƙe ƙugu. "Ahaf! Kana tsaye a nan da sabuwar riga ana cin mutuncina? Bari a gama, ni da kai ne. Yanzu dai saura minti biyar, ka san yadda za ka yi da yaron nan."

Mai Sito ya mayar da tabarau, ya zagaya ɗansa sau ɗaya yana aunawa da ido, yadda yake zagaya kayan da aka sauke daga mota.

"Sumar nan giram ɗari da hamsin ce. Wandon nan mai kauri ne, saba'in. A ba ni reza, a ba ni tawul."

"Baba, sumata?"

"Za ta fito, ɗana. Wasan nan ba zai dawo ba."

Direba ya kawo injin askinsa daga aljihun mota. Uba ya durƙusar da ɗansa a kan kular abinci ya shiga aiki, suma na zuba, abokai na ihu duk sanda wani ɓangare ya faɗi. Aski ne da ko maƙiyinka ba ka yi masa fatansa ba, nan tudu nan kwari. Aka kare yaron da tawul, ya tuɓe, ya hau. Jajayen lambobin suka yi rawa, suka yi rawa, suka tsaya: arba'in da bakwai da ɗigo tara da takwas. Jami'in ya rubuta, kuma wasu sun rantse sun ga gefen bakinsa ya motsa.

Ƙuri'a ta sa aka fara daga aji na biyu, don haka Auta ne zai rufe. Aka yi ta gwabzawa har bayan azahar. Tanka ya zauna a kan nasa abokin karawar ya kawo shida. Kocin ɗaya makarantar ya jefi alƙalin wasa da hula, aka zare musu maki ɗaya. Da aka zo kan Auta, allo na nuna makarantarsu na da ashirin da ɗaya, ɗayar kuma goma sha bakwai. Koci ya kama kan yaron da hannu biyu.

"Ba na neman ka ci. Wancan ya fi ka, kuma kai ko ruwan kirki ba ka sha ba. Ya ci ka da kamu, uku ce, kofi namu. Ya danne kafaɗunka, shida ce, mun tashi a banza. Minti shida. Kada ka kwanta."

Mai Sito ya tsaya a bakin katifa, hula a matse a hannu. Ya san ƙarfin da yaron nan ya zubar a filin motoci, kuma ya san wa ya jawo. Tun minti na farko aka ɗaga Auta aka buga da ƙasa. Ya juya rub da ciki. Aka birkice shi, ya zame ya sake juyawa. A minti na huɗu hancinsa ya fashe, aka toshe da auduga aka ci gaba. Mai Girki ta manta da fushi tana buga murfin kula da ludayi, direba ya hau kujera. Saura minti ɗaya wancan yaron ya samu yadda yake so, ya kwantar da Auta rigingine, kafaɗa ɗaya ta taɓa katifa. Alƙali ya kwanta a ƙasa yana leƙe, hannu a sama. Auta ya kafa ƙoƙon kansa a katifa, ya banƙare, ya ɗaga ɗaya kafaɗar da abin da bai wuce faɗin yatsa biyu ba, ya tsaya a haka jijiyoyin wuyansa duk a waje, ɗakin taro kamar zai tsage.

Usur ya tashi. Alƙali ya ɗaga hannun wancan yaron, yaron kuwa yana kuka. Wanda aka kayar kuwa abokansa tara suka yi kansa da ihu, ashirin da ɗaya da ashirin.

Sai da aka lafa Mai Sito ya iya matsawa. Auta na zaune a gefen katifa, auduga a hanci, ya kasa ɗaga gorar ruwa zuwa bakinsa. Uban ya durƙusa ya riƙe masa gorar. Yaron ya sha, ya yi numfashi, ya dube shi.

"Baba, ka gani? Ban kwanta ba."

"Na gani, ɗana."

Ƙarya ya yi. Tun da aka shiga mintin ƙarshe bai ga komai ba, hawaye ya hana shi.