Anti Gyara da Shekarar Kwana Uku da Rabi

Shagon Anti Gyara yana daura da ƙofar jami'a, tsakanin mai ɗinkin littattafai da mai gyaran agogo. Faɗinsa bai wuce taku huɗu ba: tebur, kwamfuta, injin gurza takarda, sai fanka mai girgiza kai kamar ba ta yarda da maganar kowa ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga wa mutane takardu. Da tafireta ta fara, zamanin da kuskure ɗaya kan sa a sake shafi guda, shi ya sa ta tsani kuskure.

Sai dai ba ta tsaya kan nata ba. Mai neman aiki zai rubuta shekarunsa ashirin da biyar, ta ɗaga kai ta dubi furfurarsa, ta ƙara masa goma ba ta ce uffan ba. Wani saurayi ya taɓa kawo wasiƙar soyayya shafi uku, ta mayar da ita layi shida, budurwar kuwa ta amince. Tun daga ranar babu mai iya gaya mata hannunta ba na alheri ba ne.

Wata Litinin wani ɗalibin digiri na biyu ya shigo da kundin bincikensa a rubuce da hannu. Dogo ne siriri, kullum idonsa na sama, har abokansa suke kiransa Sama-jannati.

"Mama, jibi zan miƙa. Don Allah yadda yake za ki buga."

"Ni za ka koya wa aiki? Jeka, ɗan nan."

Ta fara bugawa tana karantawa. Wai akwai wata duniya can nesa, ta fi tamu girma fiye da sau dubu, amma duk iskar gas ce, babu ƙasar da mutum zai taka. Wai ta matse jikin tauraronta har zafinta ya kai digiri dubu biyu, ƙarfe ma narkewa yake. Wai kwana uku da rabi take zagaye tauraron, shekararta ke nan.

Anti Gyara ta cire tabarau ta goge. Tausayin yaron ya kama ta, karatu ya taɓa shi. Ta mayar da shekarar kwana ɗari uku da sittin da biyar. Zafin ta cire masa sifiri biyu, ta ga ashirin ya yi sanyi da yawa, ta bar shi arba'in da biyar. Inda ya ce babu ƙasa, ta rubuta cewa ƙasar kaɗan ce.

Sama-jannati ya zo a guje, bai duba ba, ya kai aka ɗinke, ya miƙa.

Bayan mako guda ya dawo, malaminsa na biye da shi, wani gajeren farfesa riƙe da kundin, duk jan biro ya cinye shi.

"Malama, ke kika yi wannan aikin?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ba sai ka gode ba."

Farfesan ya nemi kujera ya zauna. Ya ce tun yana yaro yake karatun taurari, bai taɓa ganin wanda ya sanyaya duniya guda da yatsa biyu ba.

"To kai ka duba mana," in ji ta. "Shekara kwana uku da rabi? Mace ta yi wanki ranar Asabar, kafin ta gama guga an shiga baɗi? Kuma wa ya je ya auna zafin ya dawo da fatarsa?"

Ɗalibin ya buɗe baki, kamar zai yi kuka. Farfesan ya ɗaga masa hannu, ya ce ta rufe shago ta biyo su.

Shekara talatin da ɗaya tana kallon ƙofar jami'ar, ranar ta fara shiga. Ta zaci za a nuna mata ƙatuwar ƙwallon wuta, sai aka zaunar da ita gaban kwamfuta irin tata, aka nuna mata layi ɗaya miƙaƙƙe, yana tafiya yana ɗan lotsawa. Farfesan ya ce layin hasken tauraron ne, duk sanda duniyar ta gifta ta gabansa sai hasken ya ragu, kamar mutum ya wuce ta gaban fitila.

Ta karɓi fensir ta ƙirga kwanakin da ke tsakanin lotsawa da lotsawa da kanta. Uku da rabi. Ta ƙirga na gaba, haka. Sai da ta yi sau goma sha ɗaya tana neman inda layin zai yi ƙarya, bai yi ba.

"Babu kowa a cikinta dai ko?"

"Babu."

"To da sauƙi," ta ce, ta ajiye fensirin. Ta juya ga ɗalibin. "Ka yafe ni, ɗana. Amma rubutunka ma sai a hankali."

Kwana biyu ta yi tana sake bugun kundin, tana cije leɓe a duk inda dubu biyu ya fito. Yaron ya ci jarrabawarsa, har ya sa ta a shafin godiya.

Wata rana da yamma tana zaune tsakar gida da kalkuleta, mijinta, tsohon direban bas, yana gyaran rediyonsa.

"Malam, ka san a waccan duniyar shekarata dubu shida da 'yan kai? Ya kamata ka riƙa gaishe ni da safe."

"Ni fa nawa?"

Ta danna kalkuletar. "Kusan dubu bakwai."

"To har can ma ni ne babba," ya ce. "Miƙo mini sukudireba."