Shekarar da Aka Hana Malam Shitu Duba Ɓarna

Malam Shitu ba alƙali ba ne, ko ƙofar kotu bai sani ba. Manomin dawa ne a ƙauyenmu, can gefen Danja. Amma tun ina yarinya, in shanu suka faɗa gonar wani, shi ake kira. Yakan iso tun sawun kofato bai bushe ba, ya tasa mai gona da mai shanu su zagaya tare, ya ce dami kaza aka ci. A biya, a sha fura, a watse. A haka ya yi furfura.

Sai aka ce an gyara doka. Wani daga sakatariya ya ja masa kunne ya cire hannunsa, yanzu kwamiti ne zai riƙa duba ɓarna, wanda ya yi gaban kansa kuwa zai gamu da hukuma. To madalla. Ina kwamitin? Oho.

A daminar da aka yi hakan shanun Jibo suka shiga masarar Lawal, gefen burtali. Mutanen nan tare suka taso, duk rani a gonar Lawal shanun ke kwana suna zuba masa taki. Da ƙafarsu suka zo wurin Malam Shitu. Ya ce su yi haƙuri ya samo izini tukuna.

Ya hau acaɓa zuwa ƙaramar hukuma, aka ce dokar ta jiha ce. Ya bi mota har birni, aka ce burtalin ya ƙetara wata jiha, maganar tarayya ce. Wani kuma ya ce ina, ai ƙasa a hannun jiha take, ya koma gida za a neme shi. Tsoho da ciwon gwiwa! Wallahi abin ya ƙona min rai. Kafin ya gama zirga-zirga ruwa ya wanke sawu, an cire masara, kowa ya ƙara wa labarinsa gishiri. Lawal ya daina amsa sallamar Jibo.

Kaka na wucewa Jibo ya tashi da shanunsa. Ya tsaya ƙofar gidan Malam Shitu ya ce, "Baba, da ka leƙa gonar ran nan, ko me ka yanka zan biya."



Bana ma an yi ɓarna a gonar Kabiru, aka aiko kiran Malam Shitu. Ya ce a gaya musu ba ya gari. Ina kallonsa zaune a zaure, yana matsa gwiwa.