Arba'in ɗin Baba da Katin Zamana

Ni lakwal, makarantar boko, ban shige ta ba sai ranar da ake rabon madara. Shi ya sa na ɗauka shekaru kamar damman gero suke, wanda ka jefa a rumbu yana nan har ka dawo.

Tsire nake gasawa a wata ƙasa ta bakin teku, ba zan faɗi sunanta ba don kada in ƙara mata girma. Can baƙo sai da kart sejur, katin zama da ake sabuntawa duk shekara. An ce mana wanda ya jera wasu shekaru yana sabuntawa za a ba shi babban kati, ya zauna ba mai korarsa, ya kama shago da sunansa, ya kawo iyali. Shi nake hari. Matata tana Madarumfa, ƴaƴana ba su san ni ba sai a sabulun da nake aikowa. Salla takan kuɓuce mini, Allah ya yafe, amma katin nan ban taɓa makara da shi ba.

Ina dab da cika shekarun, lokacin da darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, aka aiko Baba ya rasu. Na iso an riga an rufe shi. Niyyata in ga sadakar bakwai in juya, don katin ya kusa mutuwa. Baffa, ƙanen mahaifina, ya ce babban ɗa ba ya tashi kafin arba'in. Wa zai zauna kan tabarma in mutanen garuruwan Gabi da Sarkin Yamma suka zo gaisuwa? Na miƙa masa katin. Ya riƙe shi a juye, ya daɗe yana kallon hotona.

"Ɗana, ubanka ne ya mutu, ko takarda?"

Mu da muke shiga Jibiya mu ci kasuwa mu dawo ba wanda ya tambayi sunanmu, ina muka san takarda tana fushi? Kifin tabki da furar matata su ma ba su ce in tafi ba. Na zauna. Bayan arba'in aka shiga rabon gona, shi ma sai da ni.

Da na koma na biya amandi, tarar makara, aka buga tampo, hatiminsu, aka ba ni sabon kati. Na ce magana ta ƙare. Shekara ta zagayo, na aika wa matata da wani direba cewa ta shirya. Ta sayar da awakinta, ta ɗaure kwanukanta. Ni kuma na yi magana da mai wani shago kusa da tasha, na ɗinka sabuwar riga, na nufi biro, ofishin katin.

Jami'in biron, wanda muke kira Mushe da Faransanci, ya san ni sarai. Ya buɗe takardu, ya ɗora yatsa kan watannin da na yi a gida, ya ce a nan igiyar ta tsinke. A lissafinsu shekarata ɗaya a ƙasar.

"Mushe, tun kana ɗan lakwal kake cin tsirena."

Ya ce haka ne, kuma ba a yi mai yaji irin nawa ba, amma tarar da na biya ta makara ce, ba ta dawo da shekaru. In ina so in faro daga farko.

Daga farko, da idanun da hayaƙi ya riga ya cinye. Shagon wani ya kama. Na ƙara shekara ina gasawa a bakin kwalbati, sai na tattara tsinkunana na dawo.

Na tarar da kwanukan a ɗaure a kusurwar ɗaki. Matata ta durƙusa tana kwance su ɗaya bayan ɗaya, kuma garke babu akuya ko ɗaya. Baffa ya shigo da sandarsa, ya ce madalla, dama gonar tana neman hannu.

Har ya rasu, kullum da safe ina zuwa in durƙusa in gaishe shi. Arba'in ɗinsa ma ni na zauna kan tabarma, don a lokacin ba inda ake jirana.