Nuala Mai Makullin Ƙofar Ruwa

Shekara talatin da ɗaya, kullum kafin baƙi su sauko karin kumallo, Nuala Hession ta riga ta share matakalar dutsen da ke gangarawa tafki, ta ɗiga wa kwaɗon ƙofar ruwa mai. A takardun otal sunanta mai shara. Mu mutanen Kilbrone mun san ta wuce nan.

Kakanninmu ne suka yi dakon duwatsun fadar nan da ta zama otal, shekara ɗari bakwai da suka wuce, ladansu kuwa alkawari ɗaya: duk wanda ya mutu a ƙauyen, ta ƙofar ruwa za a fita da shi zuwa makabartar tsibiri. Sojoji sun ƙone rufin, ciyawa ta cinye zauren, kamfani ya saya ya zuba gadaje, alkawarin yana nan. Amma littafin tarihin da otal ke sayarwa ya kawo har sunayen karnukan masu fadar, wannan ko layi ɗaya bai samu ba.

Bara masunci Packie Devane ya rasu, jana'izarsa ta faɗo ranar da wasu attajirai ke biki a farfajiya. Sabon manaja ya tare masu ɗauke da gawa.

"Don Allah ku zagaya ta wajen bola. Ana ɗaukar hoto."

Nuala ta jingine tsintsiya. "Ɗan nan, da ransa Packie bai taɓa bin ƙofar baya ba, sai yau? Matsa."

"Nuala, aikinki fa!"

"Riƙe abinka, mu ga wa zai share maka matakala."

Ta buɗe. Dessie kuku ya rantse amarya da kanta ta tattare rigarta ta ba da hanya.

Bayan wata uku wai sai aka lura Nuala ta tsufa. Aka ba ta furanni, aka karɓe makulli. Rashin kunya har ina!

Ke ce mai gadin alkawari, Nuala, ke kika hana a bi da matattunmu ta bola. Mun gode, mun kuma ji kunyar shirun da muka yi ranar da aka sallame ki.

Ku 'yan Kilbrone da ke aiki a ciki, makullin yana teburin manaja. Nuala ta haura saba'in, mijinta na kwance a tsibirin, an bar mata wuri kusa da shi. Ranar da za a kawo ta, wa zai ajiye faranti ya buɗe mata?